Gwajin Halayya da Hasashen Sakamakon Jinya a Taɓin Hankali Mai Tsanani: Ƙarfin Ma'auni da Iyakarsa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi tambayar da dangin majinyaci kan fara yi wa likita, wato ko ɗan uwansu zai warke. Ta bi sawun ƙoƙarin da likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam suka yi, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, na amsa wannan tambaya ta hanyar gwaje-gwaje da ma'aunai, musamman a kan cutar sikizofireniya. Matsayin takardar shi ne, gwajin da aka yi sau ɗaya kafin a fara jinya yana faɗin abu mai ma'ana game da taron majinyata, amma ƙarfinsa a kan mutum guda kaɗan ne, kuma awon da ake maimaitawa bayan an fara magani ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Don haka ya kamata a yi amfani da gwaji wajen daidaita jinya, a kuma guji mayar da shi hanyar tantance wanda ya cancanci a yi masa ita.

1.0 Gabatarwa

Idan likitoci suka ce taɓin hankali mai tsanani, galibi suna nufin sikizofireniya, da ciwon baifola mai kai mutum ƙololuwar zumuɗi ya kuma dawo da shi cikin ƙunci, da matsananciyar damuwa mai haɗawa da ruɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa sikizofireniya kaɗai ta shafi mutum kusan miliyan 24, wato ɗaya cikin kowane 300, kuma masu fama da waɗannan cututtuka kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin tsararrakinsu. Tun farkon wannan ilimi aka ɗaure sunan cuta da makomar mai ita. Emil Kraepelin, likitan ƙasar Jamus, ya raba manyan cututtukan hankali gida biyu a 1899 bisa yadda suke ƙarewa: ɗaya ta kan lafa ta dawo, ɗayar kuma a ganinsa lalacewa take yi har ƙarshen rai. Binciken da aka bi majinyata shekaru masu yawa ya karya wannan hukunci. Manfred Bleuler ya bi mutum 208 a Siwizalan sama da shekara 20, Courtenay Harding da abokan aikinta kuma suka wallafa a 1987 cewa rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tsofaffin majinyatan wani asibitin jihar Bamont ta Amurka sun samu sauƙi ƙwarai bayan kimanin shekara 32. A gefe guda, wani nazari na 2013 da ya tattara bincike 50 ya gano cewa waɗanda suka warke sarai, ta fuskar alamun cuta da ta zamantakewa duka, ba su wuce kashi 13.5 cikin 100 ba. Tsakanin waɗannan alƙaluma akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne ake neman ma'aunin da zai nuna inda kowane majinyaci zai faɗa.

2.0 Wane Sakamako Ake Hasashe?

Kafin a tambayi ko gwaji na iya hasashen sakamako, sai an fayyace sakamakon da ake nufi. John Strauss da William Carpenter sun nuna a jerin binciken da suka fara wallafawa a 1972 cewa makomar mai sikizofireniya ba abu ɗaya ba ce. Akwai lafawar alamu irin su jin muryoyi da zargin mutane, akwai yawan kwanciya a asibiti, akwai iya riƙe sana'a, akwai kuma zumunci da mu'amala. Waɗannan fannoni suna da alaƙa, amma ba su tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wani yana jin muryoyi kullum kuma yana buɗe shagonsa kowace safiya. Wani muryoyin sun ɗauke masa amma bai iya fita daga ɗaki. Abin da ya fi muhimmanci a bincikensu shi ne, abin da ya fi hasashen kowane fanni shi ne tarihin mutum a wannan fannin: wanda ya saba aiki kafin ciwo shi ya fi komawa aiki, wanda yake da abokai shi ya fi riƙe su. Wannan ya kafa mizanin da za a auna kowane gwaji da shi. Bai isa a nuna gwaji yana da alaƙa da sakamako ba, sai an nuna ya ƙara wani abu a kan abin da ma'aikaciyar jinya za ta samu idan ta zauna da mahaifiyar majinyaci na rabin awa ta ɗauki tarihinsa.

3.0 Abin da Gwaje-gwajen Suka Iya

Gwaje-gwajen farko da aka sa wa rai su ne na ɗabi'a. Hermann Rorschach ya fitar da katunansa goma masu ɗigon tawada a 1921, Starke Hathaway da Charnley McKinley na Jami'ar Minesota kuma suka fitar da MMPI a 1943, wanda bugunsa na 1989 ke ɗauke da tambayoyi 567. Daga cikinsu aka ciro ma'aunan hasashe, kamar na Bruno Klopfer na 1951 da na Frank Barron na 1953, waɗanda aka yi don gano mai cin moriyar jinya ta tattaunawa. An fi gwada waɗannan ma'aunai a kan masu ƙananan matsaloli da ke zuwa asibiti su koma gida, kuma da aka zo kan taɓin hankali mai tsanani sai ƙarfinsu ya ragu. William Anthony da Mary Jansen sun duba shaidun da ake da su a 1984 suka kammala da cewa sunan cuta, da tsananin alamunta, da gwajin basira ko na ɗabi'a na takarda da alƙalami, duk ba su hasashen wanda zai iya aiki yadda tarihin aikinsa da kallon sa a bakin aiki ke yi.

Inda aka samu ci gaba na gaske shi ne gwajin aikin ƙwaƙwalwa: tuna kalmomi, tsayar da hankali, saurin sarrafa bayani, da tsara mataki bayan mataki. Michael Green ya nuna a 1996 cewa raunin tuna abin da aka ji da raunin tsayar da hankali sun fi jin muryoyi da ruɗu alaƙa da yadda majinyaci ke tafiyar da rayuwarsa a cikin jama'a. Dalilin a fili yake. Magani kan kwantar da muryoyi cikin makonni, amma bai cika gyara tunani ba, kuma mai ɗinki da ya kasa riƙe awon da aka faɗa masa zai rasa masu kawo masa aiki ko da bai ƙara jin murya ko ɗaya ba. Wannan fahimta ce ta sa Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasar Amurka ta ɗauki nauyin haɗa jerin gwaji na MATRICS, mai gwaji 10 da ke auna fannoni 7, wanda aka wallafa a 2008. Sai dai alƙaluman ba su ba da damar yin alfahari ba. Anne-Kathrin Fett da abokan aikinta sun tattara bincike 52 da suka ƙunshi mutum 2,692 a 2011, suka gano cewa iya karanta nufin mutane da yanayinsu ya fi sauran fannonin alaƙa da zaman majinyaci cikin al'umma, amma duk da haka kashi uku cikin huɗu na bambancin da ke tsakanin majinyata ya rage ba a bayyana shi ba. Ma'aunin da ya bar kashi uku cikin huɗu a duhu ya isa a tsara shiri da shi, bai isa a yanke wa mutum hukunci da shi ba.

4.0 Daga Taro Zuwa Mutum Guda

Akwai dalilin lissafi da ke rage ƙarfin gwaji idan aka sauko da shi daga taro zuwa mutum guda, wanda Paul Meehl da Albert Rosen suka fayyace tun 1955. A ɗauki misalin lissafi kawai: majinyata 1,000, waɗanda 50 daga cikinsu ne wani mugun sakamako zai samu, da gwajin da ke dacewa sau 80 cikin 100 ta kowane ɓangare. Gwajin zai kama 40 daga cikin 50 ɗin, amma zai kuma shafa wa mutum 190 daga sauran 950 ɗin baƙin fenti. Ke nan cikin mutum 230 da ya nuna da yatsa, 40 kaɗai ya yi gaskiya a kansu. Muddin abin da ake hasashe ba ya yawan faruwa, gwaji mai kyau ma zai fi yawan yin ƙarya idan ya yi gargaɗi. An ga haka a zahiri. Seena Fazel da abokansa sun duba ma'aunan hasashen tashin hankali a 2012, a samfura 73 masu mutum 24,827, suka tarar cewa cikin waɗanda ma'aunan suka ce suna da haɗari, kashi 41 cikin 100 ne suka aikata laifin tashin hankali daga baya, alhali cikin waɗanda aka ce ba su da haɗari an dace da kashi 91. Ma'aunan sun fi iya wanke mutum fiye da tabbatar da zargi a kansa.

Matsala ta biyu ita ce, ƙa'idar hasashen da aka gina a wuri ɗaya ta kan rushe idan aka kai ta wani wuri. A farkon 2024 mujallar Science ta wallafa aikin Adam Chekroud da abokansa, waɗanda suka yi amfani da bayanan majinyata 1,513 daga gwaje-gwaje biyar na magungunan sikizofireniya, suka horar da kwamfuta ta yi hasashen wanda zai samu sauƙi cikin mako huɗu. A cikin rukunin da aka horar da ita ta yi abin yabo. Da aka kai ta rukunin da ba ta taɓa gani ba sai ta koma daidai da cankar da ka. Waɗannan gwaje-gwaje ne da aka gudanar da tsari mai tsauri da ma'aunai iri ɗaya. Idan hasashe bai iya ƙetarawa daga wannan gwaji zuwa wancan ba, babu hujjar zaton zai ƙetara daga ɗakin bincike zuwa asibitin gwamnati mai cunkoso.

5.0 Awo a Tsakiyar Jinya

Shaida mafi ƙarfi a wannan fage ta fito ne daga awon da ake yi bayan an fara magani. An daɗe ana koyar da cewa magungunan taɓin hankali ba su fara aiki sai bayan makonni, har sai da Ofer Agid da abokansa suka nuna a 2003 cewa sauƙi kan fara tun makon farko, kuma mafi yawansa a makonni biyun farko yake zuwa. Ma'aunan da ake amfani da su a nan gajeru ne: BPRS na 1962, da PANSS na 1987 mai tambayoyi 30. Myrto Samara da abokan aikinta sun tattara bincike 34 masu majinyata 9,460 a 2015, suka gano cewa cikin waɗanda alamunsu ba su ragu da kashi 20 cikin 100 ba a ƙarshen mako na biyu, kashi 90 ba su samu sauƙi mai ma'ana ba har ƙarshen gwajin. Babu wani gwajin kafin jinya da ya kusanci wannan. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma abin lura shi ne sai an shiga makon kafin Larabar ta zo.

Amfanin wannan awo ya fi fitowa a batun maganin clozapine. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu sikizofireniya ba su jin magungunan da aka saba. John Kane da abokansa sun nuna a 1988 cewa kashi 30 cikin 100 na irin waɗannan sun samu sauƙi da clozapine, idan aka kwatanta da kashi 4 kacal na waɗanda aka ba chlorpromazine. Ƙa'ida ta ce a gwada shi bayan magani biyu sun gaza, amma wani bincike a kudancin Landan a 2012 ya tarar ana jinkirta shi kusan shekara huɗu. Abin da zai rage irin wannan jinkiri ba gwaji mai zurfi ba ne, rubuta awo mai sauƙi ne a kai a kai, wanda zai nuna wa likita ƙarara cewa maganin da yake sabuntawa kowane wata bai yi komai ba. Haka kuma manyan abubuwan da ke juya makomar majinyaci suna faruwa ne a tsakiyar jinya, inda gwajin ranar farko ba ya gani. Delbert Robinson da abokansa sun gano a 1999 cewa kusan kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka warke daga karon farko ciwon ya dawo musu cikin shekara biyar, kuma barin magani ya ninka haɗarin kusan sau biyar. A babban binciken CATIE na 2005 a Amurka, kashi 74 cikin 100 sun bar maganin da aka ɗora su a kai kafin wata 18.

6.0 Amsa ga Masu Suka

Mai suka na farko zai kafa hujja da Meehl kansa, wanda littafinsa na 1954 ya nuna cewa lissafi kan yi daidai da hukuncin ƙwararre ko ya fi shi, kuma William Grove da abokansa suka tabbatar da haka a 2000 da bincike 136. Wannan gaskiya ne, kuma takardar nan ba ta kiran a koma ga "a ganina" na likita. Amma fin likita dacewa da kimanin kashi 10 cikin 100 a matsakaici, kamar yadda Grove ya samu, bai mayar da lissafi ma'asumi ba. Darasin Meehl shi ne a rubuta hukunci cikin ƙa'ida a kuma bincika ko ya dace, kuma awon mako biyu ya cika wannan sharaɗi fiye da dogon rahoton ɗabi'a da ba wanda zai koma ya duba gaskiyarsa.

Mai suka na biyu zai ce kayan aiki sun yi ƙaranci, dole a zaɓi wanda za a kashe wa kuɗi, kuma zaɓe da ma'auni mai rauni ya fi zaɓe da son rai. Wannan ita ce suka mafi nauyi. Amsarta tana cikin tarihin shirin samar da aiki da Deborah Becker da Robert Drake suka ɓullo da shi a Amurka, wanda ƙa'idarsa ta farko ita ce ba a hana duk mai son aiki shiga saboda sakamakon gwaji ko tsananin alamu. A gwaje-gwaje da dama a ƙasashe daban-daban, waɗanda suka shiga shirin sun samu aiki fiye da waɗanda aka bi da su ta tsohuwar hanyar tantancewa da dogon horo. Hasashen da ya hana mutum dama kan tabbatar da kansa, domin wanda aka ce ba zai iya ba kuma aka ƙi gwada shi ba zai taɓa ƙaryata masu faɗa ba. Ƙarancin maki a gwajin tunani dalili ne na ƙara tallafi. Til Wykes da abokan aikinta sun nuna a 2011, daga bincike 40, cewa horon ƙwaƙwalwa na kawo gyara matsakaici, kuma ya fi tasiri idan aka haɗa shi da shirin komawa sana'a.

Mai suka na uku zai tuna mana cewa sanin magani bai yi aiki ba daban ne da sanin abin da za a yi. Yana da gaskiya. Binciken OPTiMiSE na 2018 a kan masu ciwon karon farko bai ga ribar sauya musu magani bayan mako huɗu ba, kuma an san wasu daga cikinsu kan ɗauki lokaci kafin su ji magani. Ke nan awon mako biyu ƙararrawa ce da ke sa likita ya tambaya: ana shan maganin kuwa, adadinsa ya isa, akwai wiwi ko wasu ƙwayoyi a gefe, sunan cutar ma daidai ne? Ba umarnin sauya magani ba ne kai tsaye.

7.0 Idan Aka Kawo Gwajin Gida

Nijeriya tana da gurbi a tarihin wannan muhawara. Ibadan na cikin cibiyoyi tara na binciken sikizofireniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a ƙarshen shekarun 1960, kuma bayan shekara biyu majinyatan Ibadan da na Agra ta Indiya sun fi na Landan da Washintan samun sauƙi. Alex Cohen, Vikram Patel, R. Thara da Oye Gureje sun ƙalubalanci fassarar wannan sakamako a 2008, suna nuni da yawan mace-mace da waɗanda aka rasa inda suke. Ko wane ɓangare mutum ya bi, muhawarar ta tabbatar da cewa muhalli na shiga cikin makoma, kuma shi ne tunanin da Thomas Adeoye Lambo ya gina tsarin jinyar ƙauyen Aro a Abeokuta a kai tun 1954, inda majinyaci ke zaune da ɗan uwansa a cikin jama'a.

Shi kansa gwajin ba ya rabuwa da makarantar da ta haife shi. Alexander Luria ya gani a Uzbekistan a 1931 da 1932 cewa manoman da ba su shiga aji ba suna rarraba abubuwa bisa amfaninsu, ba bisa rukunin da mai gwaji ke jira ba. Gwajin da ke sa mutum ya haɗa lambobi da haruffan boko a jere yana duba agogo zai kayar da mahaddacin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, alhali tunaninsa ya fi na mai gwada shi kaifi. Wasu tambayoyin MMPI sun taɓo batun shigar aljanu, kuma amsar da za ta ɗaga makin ruɗu a Minesota magana ce ta yau da kullum a Kano ko Damagaram. Don haka makin da aka auna da mizanin Amurkawa a asibitin Dawanau, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, bai kamata a gina hasashe a kansa ba sai an samar da mizanin gida bisa shekaru da irin karatun mutum, na boko ko na allo. Awon da ake maimaitawa ya fi tsira daga wannan matsala, domin yana kwatanta majinyaci da kansa na makon jiya. Kuma ba sai a babban asibiti ba: binciken COSIMPO da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020 ya auna da PANSS a Ibadan da Kumasi cewa haɗin gwiwar ma'aikatan lafiya na matakin farko da masu maganin gargajiya da na addini ya rage alamun ciwo cikin wata shida fiye da kulawar da aka saba.

8.0 Kammalawa

Shaidun da aka bi sun nuna cewa gwajin ɗabi'a ba ya hasashen makomar mai taɓin hankali mai tsanani yadda aka yi fata, gwajin aikin ƙwaƙwalwa yana hasashen wani yanki na rayuwarsa a cikin jama'a, awon da ake maimaitawa a tsakiyar jinya kuma shi ya fi kowanne dacewa da araha. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin samun kulawa ba tare da wariya ba, kuma makin gwaji bai kamata ya zama sabuwar ƙofar wariya ba. Takardar tana kira ga asibitocinmu da su sa gajeren ma'aunin alamu a cikin katin kowane majinyaci a ranar farko, da mako na biyu, da kowace dawowa. Ga sassan nazarin halayyar ɗan Adam na jami'o'inmu da su samar da mizanin gwajin tunani cikin Hausa. Ga likitoci kuma da su riƙa gaya wa dangi abin da awo ya nuna zuwa yau da matakin da za a ɗauka gaba, su bar yanke wa majinyaci makoma tun ranar da aka kawo shi.